Yadda ake haɗa na'urar tantance robobi da ƙirƙirarriyar basira

Masu sayen roba don sarrafawa ba kuɗi ɗaya suke biya ba. Farar gorar ruwa mai lamba 1 a gindi, wato PET, ta fi daraja. Koriya da mai ruwan ƙasa suna bayanta, jarkoki masu lamba 2, wato HDPE, kuma layinsu daban. Aikin na'urarka ke nan: ta ga roba a kan bel, ta gane ta, ta tura ta buhunta.

Da farko ka tsaya a kan rukuni huɗu: fara, mai launi, HDPE, da tarkace. Masu farawa kan rubuta rukuni goma sha biyar tun ranar farko, har da sunan kamfanonin lemo. Mai saye bai damu da wane lemo aka sha a ciki ba.

Sai bel da kamara. Bel ɗin ya zama baƙi marar sheƙi, don farar gora ɓacewa take yi a kan farin abu. Ka ƙera akwatin katako ka rufe inda kamarar take, ka sa fitilun LED a ciki, kada hasken rana ya leƙo ko kaɗan. Wannan ba shawara ba ce, doka ce. Na'urar da ta koyi aiki da hasken hantsi, da la'asar ta yi sai ta fara kiran fara koriya. Ka kuma kashe tsarin da kamara ke daidaita haske da kanta.

Hotunan koyarwa su ne inda na fi ganin mutane na faɗuwa. Yaro zai sauko da TrashNet, wani tarin hotunan shara, daga intanet, ya koyar da na'ura, ya ga sakamako mai kyau, ya hau murna. Hotuna 2,527 ne a ciki, kowane abu shi kaɗai a kan farin kwali. Robar da 'yan bola jari za su kawo maka kuwa an take ta, ta lotse, ga taɓon kwata, ga jan zoɓo ko ragowar kunun aya a ciki, wata babu marfi, wata takardar jikinta ta yage rabi. Farar gorar da zoɓo ya rina fara ce, amma wa zai gaya wa na'ura in ba kai ba? Don haka ka sayi buhunan roba daga inda za ka riƙa saye, ka kunna bel ɗinka, ka ɗauki hotunan da kamarar da za ta yi aikin, cikin akwatin nan. Ka bar wasu su hau kan juna. Ka ɗauki bel babu komai a kai. Ka ajiye buhu guda da na'urar ba ta taɓa gani ba, da shi kaɗai za ka jarraba ta. In ka jarraba ta da robobin da ta koya da su, kanka kake yaudara.

Zana wa kowace gora akwati a hoto da rubuta rukuninta, don na'ura ta koya, aiki ne mai gundura. Kada ka raba wa mutum biyar, kowa zai yi nasa hukuncin.

Koyarwar kanta ba wuya. Ɗauki ƙaramin samfurin YOLO, manhajar gane abubuwa a hoto, ka yi a Google Colab, dandalin Google na gudanar da irin wannan aiki a intanet, kyauta. Kada ka yi gaggawar sayen 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, tsohuwar kwamfutar cinya ta isa gwaji.

Wajen turawa ni iska na fi so, kwampireso da bawul na lantarki, don hannun inji tsada gare shi kuma ba shi da sauri. Lissafa jinkirin: bel mai gudun rabin mita a daƙiƙa, bututun iska mita ɗaya gaba da kamara, daƙiƙa biyu ke nan. In janareto ya sa gudun bel ya sauya, sai iska ta riƙa bugun banza, don haka sa na'urar auna juyin bel.

Saura robar PVC mai lamba 3. Kamara ba ta iya bambanta ta da PET, kuma 'yar kaɗan ta isa ta ɓata narki gaba ɗaya. Manyan injinan tantancewa irin na kamfanin TOMRA hasken infrared, wanda ido ba ya gani, suke amfani da shi. Kai dai ka tsayar da mutum a ƙarshen bel ya riƙa duba gindin gora: ɗigo a tsakiya PET ce, layi kuwa a cire ta gefe.