Yadda ake lissafin radiyeshin da majiyyaci ya samu daga allurar FDG

Sababbin da na koya wa aiki a ɗakin hoton PET (hoton da ake ɗauka bayan an yi wa majiyyaci allurar FDG, wani irin sukari mai fitar da radiyeshin) wuri ɗaya suke tuntuɓe. Sai su ɗauki adadin da na'urar awo ta nuna lokacin da aka ja magani a sirinji, su ninka, su rubuta. Alhali ba wannan adadin ne ya shiga jikin mai ciwon dajin ba.

Fara da agogo. Na ɗakin jan magani da na ɗakin allura su daidaita, ko minti ɗaya kada su saɓa. Fulorin-18, sinadarin da ke fitar da radiyeshin a cikin FDG, rabin ƙarfinsa ke tafiya duk minti 110, wato minti goma kawai na cin kusan kashi 6 cikin ɗari. Ni ban yarda kowa ya duba nasa agogon hannu ba.

Auna sirinji, ka rubuta lokaci nan take. A ce MBq 400 ne (MBq shi ne ma'aunin ƙarfin radiyeshin da ke cikin maganin) da ƙarfe 9:00, jijiya ta ƙi samuwa, ba a yi allura ba sai 9:20. Abin da ya rage 353 ne.

Ga inda ake sakaci. Bayan allura, mayar da sirinjin cikin na'ura ka sake aunawa. Ko an kora da ruwan gishiri, wani abu kan maƙale a ciki. Ni ma na taɓa tsallake wannan don layi ya yi tsawo, sai da na koma na gyara lissafin yini guda, domin kuskuren har ƙimar SUV (ma'aunin yawan maganin da ƙari ya sha) da likita ke karanta ƙari da ita yake taɓawa. Minti ɗaya aikin ke ci, ba ya cin ko sisi. A ce ka samu 15 da 9:25. Mayar da shi zuwa lokacin allura, kusan 15.5 ke nan. Ka cire, saura 337.

Yanzu ninka da 0.019, adadin mSv (ma'aunin radiyeshin da jiki gaba ɗaya ya samu) a kowane MBq da ICRP, hukumar ƙasa da ƙasa ta kariya daga radiyeshin, ta bayar don babban mutum a 2015. Ka samu mSv 6.4, ba 7.6 da mai gaggawa zai rubuta ba. Ɗan shekara biyar nasa 0.056 ne, kada ka ɗora masa na manya.

Mafitsara ce ta fi shan radiyeshin, mGy (ma'aunin radiyeshin da sashen jiki ya sha) 0.13 a kowane MBq ga babban mutum, saboda ta fitsari maganin ke fita. Ka sa majiyyaci ya sha ruwa, ya yawaita fitsari. Radiyeshin hoton CT, wato hoton X-ray da ake ɗauka tare da PET, daban ake lissafa shi daga rahoton na'ura, sannan a haɗa.