Yadda ake tayar da Peugeot 504 da ta daɗe a ajiye

A Aboabo da Asawase da sauran unguwannin Zango na Kumasi, har yau akwai Peugeot 504 da ke kwance a tsakar gida, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma da yake an shafe shekaru ana haɗa ta a Kaduna, kayanta ba su yanke a yankinmu ba: a Suame Magazine, cibiyar makanikai da kayan mota ta Kumasi, ana samun mafi yawansu, abin da ya gagara a nemo shi a Abossey Okai a Accra. Saboda haka gyaranta mai yiwuwa ne. Sai dai ɓarnar da ta fi cin kuɗi takan faru ne ranar da aka zo tayar da ita, lokacin da wani zai kawo batir ya murɗa makulli a kan injin da ya bushe ƙayau. Bayanin nan na mai injin fetur ne, silinda huɗu, 1971 cc, mai kafireta.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke takardun DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ghana. Motar gado sau da yawa tana nan da sunan marigayi, gara a daidaita wannan da 'yan uwa tun ba a zuba kuɗi ba. Daga nan ka ɗage tabarmar ƙasa, ka ɗauki sukudireba ka caccaki dandamalin, da ƙasan ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak, da cikin but, da saman inda shokabzoba na gaba suke ɗaure. Ruwan Kumasi da iskar teku ta Accra duk a nan suke cin ƙarfe. Ramin dandamali aikin mai walda ne na kwana ɗaya ko biyu. Amma idan tsatsa ta cinye inda ƙafafun mota ke ɗaure, ka tsaya ka yi lissafi sosai, don wani lokaci nemo wani bodin ya fi araha.

Yanzu injin. Zaro sandar gwajin baƙin mai ka duba. Idan baƙi ne ko ya yi kauri, ba komai, tsufa ne. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma kada a tayar sai an gano ta ina. Filogin wannan mota suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifana. Hura iska a ramin kafin ka kwance, kada yashi ya faɗa cikin silinda. Zuba cokali biyu na man giya na otomatik ko baƙin mai gauraye da ɗan kananzir a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka sa giya a firi, ka kama babban notin gaban injin ka juya a hankali. Idan ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri, kana ɗan motsa shi gaba da baya. Kada ka yarda a ɗaure motar a ja ta a saki kuloci da sunan a kwance injin. Zoben fistin da tsatsa ta manne haka yake karyewa, ya kuma karce bangon silinda.

Akwai abu guda game da wannan injin da ya kamata duk mai taɓa shi ya sani. Silindarsa ba a jikin buloki aka huda ta ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwan sanyaya injin yana zagaye su, a gindin kowanne akwai siririn abin toshewa da ke raba ruwa da mai. Kan injin ne yake danne su. Da zarar an cire kan, aka juya injin, fistin yana iya ɗago silif, toshewar ta ɓalle, kuma ba za ka gani da ido ba. Sai an haɗa komai an tayar, ruwa ya gangara cikin mai. Don haka idan dole ta sa a buɗe kan, bayan an kwance kusoshi a goce shi gefe maimakon a fizge shi sama, sannan nan take a danne silif ɗin da manyan wasa da kusoshi kafin kowa ya taɓa injin. Tsofaffin mastoci a Magazine sun san wannan sarai, yaran da suka taso a kan motocin zamani ne sukan manta. Ka tambaya a fili: "Masta, in an cire kan, da me za a danne silif?" Amsar da aka ba ka ta isa ta nuna maka ko ka bar motar a wurin.

In injin ya juya, zubar da tsohon mai, sa sabuwar filta, ka zuba baƙin mai 20W-50 wajen lita 4, kana duba sanda. Buɗe murfin bawul ka tabbatar kowane bawul yana sauka yana tashi, don wanda ya maƙale yakan lanƙwasa sandar da ke tura shi. Saita su da injin a sanyaye: na shigar iska 0.10 mm, na fitar hayaƙi 0.25 mm.

Fetur da ya shekara a tanki ya zama ƙaro, warinsa ma ya canja. Kada ka bari ya kai ga kafireta. Cire tankin a wanke, a duba tsatsa, a sauya duk tiyon roba ko da sun yi kyau a ido. A tayarwar farko, ja mai daga ƙaramin galan mai tsabta, ka ajiye abin kashe gobara kusa. Kwance kafireta a wanke ƙananan ramukanta da maganin wanki da iska, ban da waya ko allura, don suna faɗaɗa rami motar ta koma shan mai. Famfon fetur yana da fatar roba a ciki wadda ke bushewa ta tsage, ta riƙa zubar da fetur cikin baƙin mai. Idan ka ji warin fetur a sandar gwaji, shi ne.

Wuta ba ta da wahala: sabon kwantak da kondensa, tazarar kwantak 0.40 mm, ta filogi 0.6 mm, tsarin tashin wuta 1-3-4-2. Yi wa wayoyin filogi alama kafin ka zare su. Filogi kuma a fara ɗaura shi da hannu, saboda kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya jure tilas.

Kafin a mayar da filogin, cire wayar kwil, ka yi ta buga kik na daƙiƙa 10 kana hutawa, har jar fitilar mai ta mutu. Wannan ne yake kai mai ko'ina kafin injin ya ɗauki nauyi. Idan ta ƙi mutuwa, kada ka ci gaba. In ta mutu, mayar da komai, cika lagireto, ka tayar. Ban da taka totur. Shuɗin hayaƙi na 'yan mintuna man da ka zuba ne yake ƙonewa. Farin hayaƙin da ba ya ƙarewa, ko kumfa a bakin lagireto, alamar gasket ɗin kai ne. Auna batir yayin da injin ke aiki, ya kamata ka ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. Ka zuba wa allurar zafi ido har ta daidaita, ka kuma ga fanka ta kama. Al'adar cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, a jefar wai don ƙasarmu da zafi ba gyara ba ce. Lagireton da ya toshe shi za a wanke, a sauya tiyo da murfi, a zuba ruwa mai maganin tsatsa, tunda ƙarfe da alminiyom ne suke zaune a ruwa ɗaya.

Injin da ya tashi yakan sa mutum ɗokin fita titi, kuma a nan hatsarin yake. Man birki yana jan danshi daga iska, ya sa tsatsa cikin masta, wato babban famfon birki, da silindar tayoyi. Birkin da ya yi tauri a tsakar gida yana iya nutsewa har ƙasa a taku na uku a gangaren Kejetia a tsakiyar Kumasi. Kwance duka, sauya robobi da tiyo, zuba sabon man birki DOT 4, a fitar da iska ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. A baya akwai bawul da ke rage ƙarfin birki gwargwadon lodi, yakan cije idan mota ta daɗe a tsaye, a tabbatar hannunsa yana motsi. Kulocin ma da mai yake aiki, a yi masa irin wannan hidimar.

Taya kuwa kada zanenta ya ruɗe ka. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Wadda ta haura shekara 10 a sauya ta.

Bayan an yi inshora da takardar lafiyar mota, yi tafiyar kilomita 500 ta farko a kusa da gida, sannan ka sake zubar da mai da filta, ka sake duba saitin bawul. Fenti da kujeru su jira sai bayan wannan, saboda man birki yana cin fenti, walda kuma tana ƙona shi. Idan lokacin ya yi, a kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito, a shafa firaima a ranar, kada a bar shi ya kwana a danshin damina.