Kurakuran da sababbin malamai suke yi wajen koyar da tsabtar haƙori a ajin nazire

Na daɗe ina koyar da ƙananan yara a Gombe, kuma kusan duk sabuwar malamar da aka kawo mini sai ta maimaita abin da na taɓa yi har yau nake jin kunyarsa, wato fito da yaro gaban aji a nuna bakinsa a matsayin misalin ƙazanta.

A shekarata ta biyu da fara aiki na fito da wata yarinya mai shekara biyar wadda haƙoranta suka yi dabbare-dabbaren ja, na ce wa 'yan aji su dubi sakamakon ƙin wanke baki. Yarinyar ta daina dariya a aji, idan za ta yi magana sai ta rufe baki da hijabinta. Bayan kwana uku mahaifiyarta ta zo, ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce, “Malama, a Kaltungo aka haife ta, ruwanmu ne haka, ni ma duba nawa.” Sai daga baya na fahimci cewa ruwan rijiyoyin wasu sassan Kaltungo yana da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma yana rina haƙori tun yana cikin dasashi, ta yadda babu burushi ko aswakin da zai goge shi. Ko da ma ƙazanta ce, wa ya ba mu izinin tozarta ɗan wani? Tun daga ranar nake yin darasin da hoto ko da bakina, abin da na gani a bakin yaro kuwa iyayensa kaɗai nake gaya wa a keɓe.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar haƙoran nono a banza saboda wai za a yi famfara. Haƙoran nan 20 su ne suke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma turmin farko na dindindin yakan fito ne wajen shekara shida a can ƙuryar baki ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, don haka iyaye sukan bar shi ya ruɓe suna zaton zai sake fitowa. Abin takaici, malamar da ta gama wannan darasi da safe ita ce za ta raba alewa da biskit ga wanda ya amsa tambaya. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna mayar da sukari ruwan tsami mai cin haƙori, kuma tsotsar zaƙi kaɗan-kaɗan wuni guda ta fi cinsa lokaci ɗaya illa. Ni fensir nake bayarwa, ko tafi.

Kada a tsorata yaro da cewa likita zai zare masa haƙori da filaya, domin ranar da ciwo ya kama shi ɓoyewa zai yi. Kada a shafe burushi da makilin daga kai zuwa gindi kamar yadda ake nunawa a talla. Ɗan shekara uku zuwa shida gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake ya ishe shi, sau biyu a rana, minti biyu, ya tofar kada ya haɗiye, kuma babba ya tsaya a kansa har ya kai kamar shekara bakwai. Kada a tara burusan yara a kofi ɗaya.

Aswaki kuwa ban taɓa kushe shi ba, tunda yaro yana ganin mahaifinsa da shi kafin kowace salla, sai dai nakan nuna masa yadda zai kai shi ga turame. Haka idan yaro ya zo yana ɓoye wawulonsa don kada ƙadangare ya gani haƙorin ya ƙi fitowa, ba na yi masa dariya. Nakan ba shi madubi ya leƙa da kansa, sau da yawa ma farin kan sabon haƙorin ya riga ya ɓullo.