Babi na 5: Kwale-kwalen Filawud Don Kogi Mai Duwatsu

Darasi na 1: Kaya

'Yan'uwa, da rani Kogin Gongola kan janye, duwatsu su fito, ruwa ya tsaya iya gwiwa a wurare da yawa. Irin wannan ruwa yana son jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.

Ku sayi filawud biyu. Kowanne faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, kaurinsa milimita 6. Ku ce wa mai shago na ruwa kuke so, wanda ake kira marin. Na kabad ba ya jure ruwa. Sai ƙusoshi marasa tsatsa, gam mai ƙarfi marar jin ruwa da ake kira efoksi, fentin mai, sanfefa, da siraran katako.

Darasi na 2: Yanka da haɗawa

A jera filawud biyun kai da kai, tsawon ya zama ƙafa 16. A ja layi biyu da fensir, a yanka gida uku: gefe biyu, kowanne faɗin inci 12, da ƙasa mai faɗin inci 24. Inci 12 shi ne ƙafa ɗaya. Ƙasan a tsuke bakinsa gaba da baya. Inda allo ya haɗu da allo, a shafa gam, a ɗora guntun filawud mai faɗin inci 6 ta ciki, a danne da dutse ya kwana. Inda gefe ya haɗu da ƙasa, a sa siririn katako ta ciki, gam tukuna, sannan ƙusa duk bayan inci 3.

Darasi na 3: Toshe baki

A nan ake faɗuwa, don haka mu tafi a hankali. Ɗauki guntun filawud, dubi inda zarto ya bi. Ka ga layi-layi? Wannan shi ne bakin. Ta nan ruwa ke shiga, allon ya kumbura, ya ɓare kamar albasa.

Goge bakin da sanfefa. Shafa gam. Zai shanye, kada ka damu, haka yake yi. Bari ya bushe. Sake shafawa. Bari ya bushe. Shafa na uku. Taɓa da yatsa: in akwai kaushi, bai ƙoshi ba, ƙara. In hannunka bai saba ba, gwada a kan guntu, sannu a hankali za ka iya.

Kowane baki, malam. Na sama, na ƙasa, na wurin haɗi, har ramin ƙusa. Fenti ba ya maye gurbin gam. Haba jama'a! Mutum ya kashe kuɗinsa, sannan ya yi ƙyuyar shafa gam sau uku? Wanda ya tsallake wannan, kada ya ɗora wa mai shago laifi in jirgi ya ruɓe kafin kaka. Sau nawa? Uku.

Bayan haka a buga katako uku a tsawon ƙasan jirgi ta waje, su ne za su riƙa gugar dutse. Su ma a toshe bakinsu, sannan fenti.

Darasi na 4: Tuƙi

Durƙusa a tsakiya, kada ka miƙe tsaye. Inda ruwa ya yi tudu, akwai dutse a ƙasa, bi inda ya kwanta sumul. In jirgi ya maƙale a gicciye, karkata wajen dutsen, don kada ruwa ya zubo ta ɗaya gefen. Wurin da filafili ke taɓa ƙasa, tura da gora. Sa rigar ruwa mai hana nutsewa.

Darasi na 5: Kiyayewa

Kada a shiga a Agusta da Satumba, kogi ya cika. Wajen madatsar ruwan Dadin Kowa akwai dorina, a tambayi masunta. A kife jirgi a inuwa.