Kurakuran da aka fi yi wajen sa tsohon Windows a laftof, da yadda ake gyara su

Har yanzu a Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara ana kawo laftof shago ana cewa a cire Windows 10 a mayar da Windows 7, wani lokaci ma har XP. Masu kawowar suna da hujjarsu. Mai shagon buga takardu yana da tsohuwar firinta da ba ta da direba a sabon Windows. Mai yankan sitika injinsa bai san komai ba sai XP. Mai gyaran waya kuma akwatin filashin ɗinsa a Windows 7 ya fi zama lafiya. Inda ake samun cikas shi ne yaron shago ya soka filash, laftof ta ƙi tashi, sai ya gaya wa mai ita cewa diski ya mutu ko allon uwa ya ƙone. Galibi babu abin da ya lalace. Abubuwa uku ne ba su yi daidai da juna ba: saitin BIOS (allon saiti da ake shiga kafin Windows ya tashi), tsarin rabon diski, da yadda aka haɗa filash ɗin.

Kuskure na farko ana yin sa ne tun kafin a taɓa filash, wato rashin duba ƙarnin furosesa. A sunan furosesa, galibi lamba ta farko bayan ƙaramin layi ita ke faɗa: i5-3320M ƙarni na 3 ne, i5-6300U na 6, i5-8250U na 8. Laftof na hannu da ake saro wa daga Kano da Legas, irin su HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430, duk ƙarni na 3 ne, kuma suna karɓar Windows 7 ba gardama. Ƙarni na 6, kamar EliteBook 840 G3, yana karɓa amma sai da dabara. Daga na 7 zuwa sama Microsoft ba ta amince da Windows 7 a kansu ba, direban hoto ma wuyar samu gare shi. XP kuwa, idan an wuce ƙarni na 3, ɓata lokaci ne kawai. Gara ka faɗa wa Alhaji gaskiya tun da safe, da ka riƙe masa na'ura kwana uku sannan ka mayar masa ba aiki.

Sai Secure Boot. Wannan kariya ce da ta zo da laftof na zamanin Windows 8, daga 2012, kuma Windows 7 da ya fito a 2009 bai san da ita ba. Idan tana kunne, ko dai filash ya ƙi bayyana a jerin abubuwan tashi, ko ya bayyana ya ƙi buɗewa. Ana shiga BIOS da F10 a HP, F2 a Dell, Acer da Toshiba, F1 a ThinkPad. A kashe Secure Boot, a kunna Legacy Support, wato tsohuwar hanyar tashi, wanda wasu kamfanoni ke kira CSM. A nan akwai tarko biyu. HP takan nuna lambobi 4 bayan ta sake tashi, ta ce a buga su a danna Enter. Wanda bai karanta ba ya danna Esc, saitin ya koma yadda yake, shi kuwa yana zaton ya kashe. A Acer kuma wurin yakan zama a dushe, ba ya taɓuwa sai an sa kalmar sirri ta Supervisor. A sa, a kashe, a cire kalmar nan take, kada mai laftof ya tafi da abin da ba wanda zai tuna.

Masu ɗan sani sukan ce ai Windows 7 mai 64-bit yana tashi a UEFI, wato sabuwar hanyar tashi. Haka ne, amma ko a can yana buƙatar CSM a kunne saboda yadda yake nuna hoto lokacin tashi. Shi ya sa ake ganin ya tsaya cak a rubutun Starting Windows, launukan tambarin ba su gama haɗuwa ba. Idan an lalube BIOS kaf babu Legacy babu CSM, kamar yadda yake a yawancin laftof da suka fito daga 2020, to a haƙura.

Rikicin GPT da MBR

Nan ne aka fi asarar bayanan mutane, don haka a bi a hankali. GPT da MBR tsarin rabon diski ne iri biyu. Ƙa'idar gajera ce: wanda ya tashi ta Legacy zai sa Windows a diski mai MBR, wanda ya tashi ta UEFI zai sa a mai GPT. Laftof da ta zo da Windows 8 ko 10 daga kamfani kusan kullum diskinta GPT ne. Idan ka tashi ta Legacy, a wurin zaɓen fatishan za ka ga saƙo cewa "The selected disk is of the GPT partition style". Ba lalacewa ba ce.

Maganin shi ne a danna Shift da F10 tare, baƙin allo ya fito, a rubuta diskpart, sannan list disk, sannan select disk 0, sannan clean, sannan convert mbr. Amma a san cewa clean ba fatishan C kaɗai yake sharewa ba, diskin gaba ɗaya yake kwashewa, har da D inda ɗalibi ya ajiye furojet ɗinsa ko mai shago ya tara ayyukan kwastomomi. A kwafe komai tukuna, kuma a tambayi mai ita baki da baki. Idan diskin yana kulle da BitLocker, a kwafe tun Windows na ciki yana buɗewa. A kuma duba girman kowane diski a list disk kafin a zaɓa, domin ba kullum na cikin laftof ke zama lamba 0 ba. Idan aka zaɓi lambar da ba ita ba, ana iya share filash ɗin da ake aiki da shi.

Filash ɗin ma sai ya dace. A Rufus, manhajar haɗa filash, don Legacy a zaɓi MBR, don UEFI a zaɓi GPT. Windows 7 mai 32-bit da XP ba su da hanya sai MBR. Kuma idan aka danna maɓallin zaɓen tashi, F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, filash ɗaya kan fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Wanda ka zaɓa shi ne ya yanke hukunci.

Filash mai gigabait 8 ya wadatar, sai dai jabu sun yi yawa a kasuwa. Idan kwafar fayiloli na tsayawa a wuri ɗaya kullum, a canza filash kafin a zargi diski.

Saƙon da ke cewa babu direban CD/DVD

Ga wani da ke rikita mutane: filash ya tashi lafiya, an danna Install now, sai a ce "A required CD/DVD drive device driver is missing", alhali ba faifai a ciki. Abin da ya faru shi ne BIOS ce ta karanta filash da farko, da Windows 7 ya karɓi ragama sai ya daina ganin sa, don ba shi da direban USB 3.0. A ƙarni na 3 da na 4 gyaran ba wuya: a cire filash daga rami mai shuɗi, a mayar da shi baƙin rami na USB 2.0, a sake tashi. Daga ƙarni na 6 kuwa Intel ta cire tsohon mai sarrafa USB ɗin baki ɗaya, saboda haka canza rami ba ya amfani ko da ramin baƙi ne. Ko dai a yi amfani da faifan DVD idan laftof ɗin tana da wurinsa, ko a cusa direban USB 3.0 cikin fayilolin boot.wim da install.wim na filash ɗin ta amfani da manhajar DISM. Wata dabarar ita ce a haɗa filash na Windows 10, a cire fayil ɗin install da ke cikin foldar sources, a sa install.wim na Windows 7 a madadinsa. Wannan yana aiki, amma bayan an gama ramukan USB za su kasance a mace har sai an sa direba, don haka a tanadi direban a wani fatishan tun farko.

Idan kuma diskin ne bai fito ba sam, a duba ko NVMe ne, wato sabon nau'in diski. Windows 7 ba ya ganin sa sai an cusa masa gyare-gyaren Microsoft masu lamba KB2990941 da KB3087873. A BIOS ɗin Dell, idan SATA Operation, wato saitin yadda laftof ke magana da diski, na kan RAID On, a mayar da shi AHCI.

Shuɗin allo mai lamba 0x0000007B na XP ne musamman. XP ya fito a 2001, bai san AHCI ba, kuma direban da yake nema da F6 daga fulofi kawai yake karɓa. A shiga BIOS a mayar da SATA zuwa IDE. Dell na kiran sa ATA, ThinkPad na cewa Compatibility. Idan babu zaɓin, sai a haɗa direban cikin faifan da manhajar nLite. Windows 7 ma yana ba da wannan lamba idan an canza saitin bayan an gama sa shi. A mayar yadda yake, zai tashi.

To amma me ya sa laftof kan yi aiki a shago, washegari a dawo da ita da 7B ɗin nan? A duba kwanan wata a BIOS. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin allon uwa ne ya mutu, galibi CR2032 mai bolt 3, a laftof yakan zo a naɗe da waya biyu. Da zarar babban batir ya ƙare, saitin da aka yi duk ya goge, SATA ta koma AHCI, Legacy ta mutu. Laftof na hannu da ta shekara goma ba abin mamaki ba ne. Sake fomat sau goma ba zai gyara wannan ba.

Akwai ƙananan kurakurai da ke cin lokaci. Bayan sake tashi na farko, idan filash ne a gaba, aikin zai fara daga tushe. A zare shi lokacin da allo ya yi baƙi. Laftof marar batir kada a fara mata aiki sai da inbata ko janareta, don ɗauke wuta a tsakiya yana barin rabin Windows. Wadda kuma ke mutuwa da kanta ana cikin kwafa, musamman a zafin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka; a buɗe a hure, a canza man furosesa.

"BOOTMGR is missing" bayan an gama yana nufin an rasa fayilolin tashi, ko fatishan ɗin System Reserved mai megabait 100 ba shi ne mai alamar active ba. A tashi da filash, a zaɓi Repair your computer, a gudanar da Startup Repair, wani lokaci sai an maimaita. Idan ya ƙi, a baƙin allo a rubuta bootrec /fixmbr, bootrec /fixboot, bootrec /rebuildbcd. Mai son Windows biyu a laftof ɗaya ya fara da tsohon, domin XP idan ya zo daga baya yana take hanyar tashin Windows 7.

Microsoft ta daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7. Na'urar da aka sa wa su don firinta ko injin yanka kada a riƙa shiga banki da ita. Idan manhaja ɗaya ce tak ake buƙata kuma laftof ɗin tana da RAM gigabait 8, a bar Windows 10 a wurinsa, a kunna Virtualization a BIOS, a sa tsohon cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani Windows a cikin wanda ake da shi. Sai dai akwatunan filashin waya da wasu injinan yanka ba sa jituwa da wannan hanya, don haka a gwada da na'urar a haɗe kafin mai ita ya bar shago.