Yadda zaka tayar da tsohon injin zarto na tebur da ka saya na hannu a Legas

Tsofaffin injinan zarto na tebur ɗin nan da ake shigowa da su Legas a kwantena, ko waɗanda wani kamfanin kujeru ya rufe aka yi gwanjon kayansa, wallahi yawancinsu basu mutu ba, tsatsa ce kawai da datti da rashin kula. Samansu ƙarfen kas ne, wato ƙarfen zubi, mai nauyi wanda baya saurin lanƙwasa baya rawa, ba irin sababbin nan masu jikin roba da kana tura katako injin yana matsawa ba. Abinda yake damuna shine da yawa cikin ƴan uwanmu kafintoci da sun sayo sai a wanke da fetur a fesa fenti a jona wuta, a bar boris (zoben ƙwallayen da sandar zarto take juyawa a ciki) da saiti da suwich, alhali su ne ainihin aikin kuma su ne suke tsare maka yatsu. Fenti shine na ƙarshe in ma zaka yi.

Gyaran tun a wajen saye yake farawa. Ko a Owode Onirin ka ganshi cikin ƙarafa, ko a Alaba wajen masu tokunbo, wato kayan hannu na ƙasar waje, ko wani mai katako a kasuwar Amu ta Mushin ne zai rabu da nashi, ka tafi da dogon rula na ƙarfe da tocila. Ɗora rular a saman teburin tsaye da kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, ka haska ta baya, in haske yana wucewa sosai ta tsakiya toh teburin ya lotsa kuma wannan ba gyaran gida bane. Sannan ka durƙusa ka leƙa ciki, ka duba ƙarafan da suke riƙe da sandar zarton waɗanda suke ɗagata sama da karkatata, in ka ga tsagewa ko alamar an taɓa walda a wajen, ɗan uwa ka haƙura ko a rage maka kuɗi sosai, don ƙarfen kas baya son walda irin ta bakin titi. Tsatsar sama kada ta tsorata ka, ita ma dalilin neman ragi ce kawai. Ka tambaya ko fens ɗinsa yana nan, wato katangar nan da katako yake bi, don samun wani da zai zauna daidai wahala ne.

Sai farantin da yake jikin moto, nan ne mutane suke asarar kuɗi. Wutar Najeriya volt 230 ce a 50Hz, ta Amurka kuma volt 120 ce a 60Hz (Hz shine saurin bugun wutar). Injinan Amurka irin su Delta da Powermatic da Craftsman, da yawansu zaka ga an rubuta 115/230, ma'ana ana iya sauya haɗin wayoyin ciki ya ɗauki tamu, kuma zanen haɗin yawanci yana bayan murfin akwatin wayar. In 115 kaɗai aka rubuta kada ka kuskura ka jona, nan take zai ƙone, sai dai taransifoma babba ko ka canza moton gaba ɗaya, ni a ganina canzawa ya fi kwanciyar hankali. Kuma ko ka sauya haɗin, moton da aka yi don 60Hz zai rage gudu a wutarmu, wanda aka rubuta juyi 3450 zai dawo kusan juyi 2875 a minti, kuma zai fi saurin zafi, saboda haka ka riƙa taɓa jikinsa kana bashi hutu. Na Ingila irin su Wadkin da Startrite basu da wannan matsalar amma da yawansu wuta mai layi uku suke ci, in shagonka layi ɗaya ne ka sani tun kafin ka biya mai ɗauka. Maganar janareta kuma, moto mai doki ɗaya da rabi ya haura wat 1100, kuma lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa, ƙaramin janaretan aske da cajin waya ba zai ko motsa shi ba.

In ya iso shago, kafin ka kwance ko noti ɗaya ka ɗauki hotuna da wayarka ta ko'ina, sama da ƙasa da wajen wayoyi. Ka nemo gwangwanayen madara ko ledoji, notin kowane ɓangare daban ka rubuta a jiki, saboda injinan Amurka da tsofaffin na Ingila zarensu na inci ne ba milimita ba, in ɗaya ya ɓata zaka sha yawo a Ladipo kafin ka samu irinsa, kuma in ka tilasta na milimita ka kashe zaren. Notin da yake riƙe zarto kuma wasu na hagu ne, kada ka yi ta kokawa dashi, ƙa'idar itace yana kwancewa ta inda zarton yake juyawa, wato ka tokare zarton da guntun katako ka jawo sifana ta wajenka. Wanda ya ƙi, zuba masa kananzir ko WD-40 ka barshi ya kwana, guduma bata da aiki a jikin kas.

Yanzu tsatsar teburi. Dan Allah kada ka sa masa giranda, na san ya fi sauri amma zai bar maka ramuka da ba zasu gyaru ba har abada. Jiƙa saman da kananzir, ka ɗauki reza irin mai mariƙi ka kwantar da ita kana turawa gaba, zaka ga tsatsar tana tattaruwa a bakin rezar jajir tana naɗewa, ƙarƙashinta kuma ƙarfe ruwan toka yana fitowa, ka goge da tsumma ka sake. Bayan nan ka naɗe sanfefa lamba 220 a jikin katako mai shafaffen ciki kana gogawa doguwar tafiya gaba da baya da kananzir, sai ka koma 400. Baƙaƙen tabon da suka rage ka ƙyale su, launi ne kawai basa hana katako zamewa. Kada ka manta da ramukan nan biyu dogaye na saman teburin, su ma a share su tas don da su za a yi saiti. Ƙananan notina da kusoshi ka jiƙa su a binega kwana ɗaya, ka wanke ka busar nan take ka shafa mai. Da ka gama teburin a ranar ka shafa masa kakin goge katako ka bari ya bushe ka goge, domin iskar Legas da damshin lagun kafin gari ya waye sun mayar maka dashi ja. Baƙin mai kada ya je wajen, yana ɓata katako ya hana fenti da gam kamawa.

Ciki kuma, haƙoran giya da dogon zaren da suke ɗaga zarto zaka same su cike da tsohon giris da garin katako sun daskare. Buroshin waya da kananzir, sai haƙuri. In sun fita kada ka mayar da giris mai yawa don shi yake kama ƙura, ka goga musu kyandir ko garin girafayit, zaka ji sitiyarin ɗaga zarton yana juyawa da yatsa biyu.

Boris kam ka canza su kawai ko da kana ganin kamar suna da sauran rai. Cire bel ɗin ka juya sandar da hannu, in ka ji ƙaras-ƙaras ko tana wasa gefe da gefe ko kuma tana ta juyawa ba tsayawa da ƙara kamar busasshiya, sun gama. Lambar tana rubuce a gefensu, irin su 6202 ko 6203, ka tafi da tsohon a hannu kasuwa ka nemi mai rufi ta gefe biyu saboda ƙura, kuma ka sayi mai kyau don jabu sun yi yawa, mai arha wata kaɗan zai fara kuka. Wajen cirewa da sawa ka kai wa masu tanin, wato masu injin feƙe ƙarfe, su matsa da injin matsi, in aka buga da guduma sandar ta ɗan karkace toh zarton zai riƙa lilo kuma yankan ba zai taɓa fita sumul ba. Su duba maka faifan da zarto yake jingina a kai, in ba daidai yake ba su ɗan share shi. Moton ma a buɗe a hure ƙurar ciki, in yana gunji baya tashi sai an tura shi da hannu yawanci kafasita ce ko ɗan suwich ɗin ciki da ƙura ta toshe, kada mai riwaya ya yi saurin ce maka sai an sake naɗi. Bel sabo, in biyu ko uku yake ɗauka ka saye su tare iri ɗaya, ka ɗora rula ka tabbatar fulin moto da na sanda, wato ƙafafun da bel yake hawa, suna layi ɗaya.

Saiti shine wajen da zaka zauna ka natsu. A cire filogi tukunna. Ɗaga zarton sama, yi wa haƙori ɗaya alama da biron maka, kawo shi gaba ka auna daga ramin teburi zuwa haƙorin, sai ka juya wannan haƙorin dai zuwa baya ka sake aunawa. Dole su zo ɗaya, bambancin kada ya wuce kaurin takarda. In basu zo ba, a manyan injina masu akwati teburin ake sassautawa a ɗan buga shi da katako, a ƙananan kuma masu moto rataye a baya notinan ƙarƙashin teburi ake sassautawa. Sai fens shima ya bi wannan ramin, in ma zai kauce toh ya buɗe kaɗan ta baya, kada ya taɓa matsewa, don in ya matse katako yana shaƙewa zarto ya ɗauko shi ya wurgo maka a ciki da ƙarfin da ba zaka iya tarewa ba. Ka sa sukwaya ka tabbatar zarton yana tsaye cak a digiri 90. Wajen sayen sabon zarto ka lura da ramin tsakiya, na Amurka mai inci 10 raminsa 5/8 na inci ne, waɗanda suka fi yawa a kasuwa kuma na milimita 30 ne, sai da zoben ragewa wanda ya zauna daram. Mai haƙori 24 don tsaga katako mai kauri irin iroko da madaci, 40 don aikin yau da kullum, 60 zuwa 80 don filawud.

Abu biyu kuma kada ka yanka ko sanda ɗaya sai ka yi su. Na farko suwich. Tsohon suwich irin na ɗagawa da saukewa haɗari ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, kana cikin yanka NEPA ta ɗauke, ka manta baka kashe ba, yaron shago ya zo yana share gari kusa da zarto sai wuta ta dawo, Allah ya kiyaye. Ka sa mai maganaɗisu, mai kore da ja ɗin nan, wanda in wuta ta tafi yake sakin kansa sai an sake dannawa, ka ɗaura shi inda gwiwarka zata kai. A canza tsohuwar waya da ta bushe, a haɗa wayar at, wato wadda take kai wuta ƙasa, da jikin injin. Na biyu ƙarfen bayan zarto da yake hana katako haɗewa bayan an tsaga, yawancin tsofaffin nan an cire an yar, ka kai wa mai ƙira ya yanka maka daga farantin ƙarfe, kaurinsa ya ɗan fi jikin zarton amma kada ya kai faɗin haƙori, kuma ya tsaya a layi ɗaya da zarton.

Ranar gwaji ka kunna shi ba katako tukunna ka tsaya a gefe ka saurara minti kaɗan, ka kashe ka taɓa wajen boris da moto ka ji zafinsu. Sannan ka fara da katako mai laushi irin malaina ko obeche, zarto ya leƙo sama da katakon kaɗan kawai, ka tsaya gefe ba daidai layin zarto ba, sandar turawa a hannu, tabarau a ido, ba safar hannu ba hannun riga mai lilo. In gefen yankan ya fito da ƙuna ko zane-zane ka koma kan saiti. Da damina ka riƙa sake shafa kakin nan akai-akai, in zaka rufe shago ka lulluɓe shi da tsohon zani ko bargo, leda tana tara gumi a ƙarƙashinta.