Yadda ake kashe ƙura a wurin fasa dutse

Dutsen da ake fasawa a wurare irin su Mpape a Abuja giranit ne, kuma aƙalla kashi 20 cikin ɗari na jikinsa silika ce, wato ma'adinin da ke cikin yashi. Idan aka huda shi ko aka niƙa, silikar takan tashi ƙanana ƙwarai, ƙasa da maikiron 10 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashi ya kai wajen maikiron 70. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya tare ta. Can cikin huhu take sauka ta yi tabo, ta haifar da ciwon silikosis wanda ba shi da magani, ta kuma buɗe wa tarin tibi ƙofa. Saboda haka a wurin da ƙura take fitowa ake kashe ta, tun ba ta kai ga hancin kowa ba.

A fara da wurin huda ramin nakiya. Injin huda dole ya kasance da ruwa yana bi ta cikin sandar, ya fito da garin dutse a jiƙe kamar kunu. Mai huda a bushe shi ne ya fi kowa shan ƙura, domin a kan ramin yake tsaye wuni guda.

Sai injin niƙa, inda yawancin sababbin shiga suke ɓata aiki. Wuri uku ake sa bakin feshi: inda tifa take juye dutse, ƙarƙashin injin inda niƙaƙƙen dutse yake faɗowa, da duk inda wani bel mai jigilar dutse yake zuba wa wani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jawo tiyo a saki ruwa kamar ana ban ruwan lambu. Garin dutse sai ya koma taɓo, ya toshe idon rariya, ya manne a bel har ya fara zamewa, tsakuwa ta fito a cakuɗe mai saye ya ƙi ɗauka. Daga nan mai kula da injin sai ya rufe famfon gaba ɗaya ya ce ruwa ba ya yi, a koma gidan jiya. Danshi ake nema. A fara da kusan lita 10 a kan kowane tan na dutse, a raba shi a wuraren ukun nan, kashi mafi yawa a farko tun dutsen yana manya. Ga gwaji mai sauƙi: a damƙi garin da ke fitowa a ƙarshen bel. In ya dunƙule ya kuma ruguje da an taɓa shi, ya yi daidai. In ya bar laka a tafin hannu, ruwa ya yi yawa.

Bakin feshi toshewa yake yi, musamman da ruwan kududdufi. A sa matata kafin famfo, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma a duba kowane baki da safe kafin a tayar da inji. Wanda zai share baki ko ya kankare bel, a kashe wuta tukuna, a garƙame makunnin da kwaɗo, makullin yana aljihunsa. Bel mai tafiya ba ya jiran kowa ya janye hannu.

Hanyar da tifofi ke bi ita ma babbar mafitar ƙura ce, balle a lokacin hunturu. Tankar ruwa ta riƙa yayyafi kaɗan kaɗan a kai a kai, ya fi a malala sau ɗaya hanya ta yi santsi a gangare. Gudu kada ya wuce kilomita 20 a awa, a kuma rufe lodi da tamfol kafin a fita titi. Kada a kuskura a zuba baƙin mai wai don ya kwantar da ƙura: ruwan sama na farko zai kai shi rijiyoyin maƙwabta. Shara a bushe da busa jiki da iskar kwamfuresa su ma a hana.

Takunkumi shi ne na ƙarshe. Rawani, ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare silika, sai mai lamba N95 ko FFP2 zuwa sama, wanda ya kama fuska tsam. Gemu mai yawa yana hana shi zama, don haka mai gemu ya fi dacewa a ba shi aiki nesa da inji, ko cikin motar da ke rufe da gilashi. A riƙa kai ma'aikata hoton ƙirji, mai tarin da ya wuce mako biyu kuwa a yi masa gwajin tibi.

Ruwan da aka yi aiki da shi a tara shi a rami mai ɗaki biyu, laka ta kwanta a na farko, a ja mai tsabta daga na biyu a sake amfani da shi. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin fasa dutse tun 2013, jami'anta kuma suna da ikon shigowa su duba. A kewaye ramin da waya saboda yara da dabbobi. Lakar da aka kwashe a binne ta tun tana jiƙe, don in ta bushe a fili iska za ta sake tayar da ita.